Waƙar Fage da Waƙar Takarda

Ina neman afuwar malamaina tun kafin in shiga magana, domin abin da zan faɗa ya taɓa yadda muke nazarin waƙar baka a wannan sashe namu, kuma na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganata a kan tsofaffin kaset-kaset ne na makaɗa waɗanda aka ɗauka a fage, watau a wurin biki ko ajo ko wasan kulob, da hayaniyarsu da guɗarsu da ƙugin injin wuta a bayansu. Ra'ayina shi ne irin waɗannan kaset ɗin ya kamata su zama tushen nazarinmu, su kuwa waƙoƙin da aka tsabtace a ɗakin ɗaukar murya, da waɗanda muke kwafowa a takarda layi bisa layi, su biyo baya a matsayin mataimaka. A halin yanzu mun juya abin, mun ɗora keken a gaban doki ba mu sani ba, har ma da yawa daga cikinmu kan rubuta kundi sukutum a kan makaɗi ba su taɓa zama sun saurari wasansa guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Ban zo da wannan ra'ayi daga littafi ba. A ɗakin gadi na samo shi, a Sharaɗa.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya shiga aikin masaƙa a Bompai yana saurayi, kafin Udoji da 'yan watanni. Da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi da ariyas a 1975, ma'aikatan kamfanoni su ma suka tashi tsaye suna neman nasu, shi kuma da rabonsa ya zo hannu bai sayi keke ba kamar yadda mahaifinsa ya so, sai ya sayi rediyo mai kaset. Daga Bompai ya koma wata majema a Challawa, ya yi shekaru yana shaƙar warin fata da magani, har ranar da aka sallame su. Yanzu gadi yake yi a wani gini a Sharaɗa wanda a da injuna ke ruri a cikinsa dare da rana, yau kuwa buhuna kawai ake jibgewa. A ƙarƙashin bencin da yake kwana akwai wata akwatin ƙarfe irin ta amare, cike da kaset. Na ƙirga 64. A hutun da ya wuce na kai masa saƙon tuwo daga gida da daddare, na tarar yana saurare, na zauna don in ɗan huta, ban tashi ba sai da aka yi kiran assalatu.

Kafin in faɗi abin da na ji, ya kyautu in tunatar da mai karatu irin mutanen da suka tara waɗannan kaset. Bompai ita ce babbar yaya a unguwannin masana'antu na Kano, tun zamanin Turawa aka keɓe ta, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya sa'ad da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba da alewa da sabulu da man gyaɗa suka jawo samari daga ƙauyukan Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, suka cika Gwagwarwa da Dakata da Tudun Wada da Ja'en da Panshekara. Wani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya rubuta littafi a kan waɗannan ma'aikata wanda ya fito a 1986. Abin da ya bambanta su da iyayensu manoma shi ne kuɗinsu na zuwa ƙarshen kowane wata, ba sai kaka ba. Makaɗi kuwa ya fi kowa sanin inda kuɗi suke kwana. Saboda haka wasa ya riƙa bin ranar albashi, kuma lebura da ba shi da sarauta, ba shi da gadon dukiya, ya sami damar shiga fage ya yi liƙi a kira sunansa da na ubansa da na garinsu. Ga kuma akwatin ɗaukar magana a hannunsa. Kamfanin Philips ne ya fito da wannan ƙaramin kaset a 1963, amma a shekarun 1970 ne ya zama abin da talaka ke iya rataya a kafaɗa, ya danna maɓalli biyu ya kama muryar makaɗi ya tafi da ita gida.

To, me ke cikin irin wannan kaset? Da fari dai ba ya farawa da waƙa. Za ka ji ana gwada lasifika, wani yana hura ta yana ƙwanƙwasawa. Za ka ji mai kalangu yana matsa tsarkiya yana saki, yana neman muryar da za ta dace da ta maigidansa a wannan daren, domin muryar mutum ta yau ba ita ce ta jiya ba. Sanƙira yana roƙon a matsa baya a ba da fili, ana korar yara, wata mata tana kiran ƙawarta. Sa'an nan jagora ya kafa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, ya sake kafawa, su sake karɓa, har sau bakwai ko takwas. A takarda mukan rubuta gindin sau ɗaya mu sa alamar maimaici, mu ɗauka mun gama da shi. Da na tambayi Kawu dalilin wannan jan ƙafa, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ai ba maimaici yake ba, kallo yake. Yana duba wa ya zo, wa bai zo ba, wa ke zaune kusa da wa." Ashe a wannan ɗan lokaci da muke sharewa da alama guda, a nan ne makaɗi yake tsara dukkan abin da zai biyo baya.

Can cikin waƙa sai ka ji ƙarar babur ta tsaya a gefen fage, kiɗa ya ɗan daga, jagora ya katse ɗan da ya ɗauko bai kai shi ƙarshe ba ya juya kan wanda ya iso. Wani wurin kuma ya manta sunan mahaifin wanda yake yabo, ka ji yana jan wasali yana kewaye, sanƙira ya matso ya raɗa masa, kuma kaset ya kama raɗar. Wani wurin 'yan amshi su yi gaggawa su shigo kafin ya dire, ya tsawata musu a cikin waƙar ba tare da ya fita daga rauji ba, jama'a su tuntsire da dariya. Idan liƙi ya kankama, baki ya yi shiru ɗungum na minti biyu ko uku, sai kiɗa kaɗai da muryar sanƙira yana shelar wane ya ba da naira biyar, wane ya ba da goma. A nan ne makaɗan hannu suke samun tasu damar, mai babban kalangu ya yi magana, ƙaramin ya amsa masa, su yi ta ja-in-ja har jagora ya dawo ya karɓe ragama. Idan kaset ɗin mai minti 90 ne, fuska ɗaya minti 45 ke nan, sai ka ji waƙa ta yanke ƙit a tsakiyar kalma, mai rakoda ya juya kaset cikin sauri, a rasa ɗiya biyu ko uku har abada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waƙa guda ta wani mai kukuma, wanda a zamaninsa yake zagaya unguwannin ma'aikata, bai kuma yi sunan da za a sa shi a littafi ba. Kawu yana da waƙar nan a kaset uku. Ta farko daga rediyo ya ɗauka, minti 11 ce, a tsabtace, kowane ɗa a mazauninsa, in ka so ka rubuta ta cikin awa guda. Ta biyu a bikin wani hedima nasu aka ɗauka, ranar da ta zo daidai da albashi. Ta cinye fuska guda ta haura ta biyu, sunaye na ta zuba kamar ruwan Agusta, makaɗin har numfashi yake sarƙewa, ba ya samun sukunin ƙarasa azanci ɗaya kafin wani ya faɗo fage. Ta uku kuwa Kawu ya ce a shekarar da aka sallami rabin mutanen sashensu aka ɗauka, bayan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka gagari kamfanoni. Gindin waƙa bai sauya ba, kiɗa bai sauya ba. Amma sanƙira ya yi ta kira ba mai fitowa. Kukuma ta yi ta kuka ita kaɗai, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Da makaɗin ya ga fage ya bushe, sai ya bar yabo ya shiga habaici ga zamani, ya shiga tambayar ina wane ina wane, yana lissafa mutanen da a kaset na biyu suka yi masa ruwan kuɗi. Kawu yana ba ni amsa daga kan benci: wannan ya koma ƙauye, wannan ya shiga acaɓa, wannan ya rasu. A wajena wannan ta uku ita ce ta fi sauran nauyin fasaha nesa ba kusa ba, domin rashin masu liƙi ne ya tilasta wa makaɗin ya tono abin da ke cikinsa.

Yanzu ina tambayar 'yan'uwana ɗalibai, a cikin ukun nan wace ce waƙar? Idan aka ba ni aikin fito da turkenta, wanne zan ɗauka? A ta farko turken yabo ne. A ta uku yabon ya zama kwarangwal, abin da ke kansa juyayi ne da zambo ga zamani. Ɗalibin da ya sami ta rediyo kaɗai zai rubuta gaskiya, amma gaskiyar dare ɗaya, ko ma in ce gaskiyar ɗaki ɗaya wanda babu kowa a cikinsa sai makaɗi da ma'aikacin da ke duba agogo.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a fagen ilmi, kuma ba zan yi da'awar ni na gano ta ba. Milman Parry da almajirinsa Albert Lord sun ɗauki muryoyin mawaƙan baka a tsohuwar Yugoslabiya a shekarun 1930, kuma littafin da Lord ya fitar a 1960 ya nuna cewa mawaƙin baka yana ƙirƙira ne a daidai lokacin da yake rerawa, yana gini da tubalan da ya saba da su, kowane zama da irin gininsa. A nan gida, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙar baka wadda a cikinta lokaci da wurin da aka yi waƙa suke da gurbinsu. Duk mun karanta, mun haddace, mun kuma rubuta a jarrabawa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiki. Da zarar an raba mana batun kundi, sai mu ruga wurin masu tura waƙoƙi a waya, a zuba mana waƙa ashirin a memori, mu zaɓi waɗanda suka fi fita tangaran domin sun fi sauƙin rubutawa, mu watsar da masu hayaniya. Ni ma haka na yi a aikin aji na bara, na kuma ci maki mai kyau, abin da yanzu nake jin kunyarsa.

Shata kansa, wanda aka haifa a Musawa a 1923, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a nan Kano ranar 18 ga Yuni 1999 aka kai shi Daura aka rufe, shi ne babbar hujjata. Duk wanda ya saurari Bakandamiya a ɗauka biyu ko uku ya san ba ta taɓa fitowa iri ɗaya. Amshi yana nan, kirarin kai yana nan, amma abin da zai shigo da abin da zai fita, da tsawonta, da inda za a yi sauri da inda za a lafa, duk yana hannun daren da aka yi ta. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ya tattara tarihin mutumin da ƙoƙari mai yawa. Aikin da ya dace da mu ɗalibai mu ɗora a kai shi ne jera ɗauka daban-daban na waƙa guda, a kwatanta su ɗa bayan ɗa, a ga me Shata ke riƙewa, me yake saki, kuma me ya sa. A nan ne salonsa yake, a tsakanin ɗauka da ɗauka.

Kada kuma mu manta cewa gajartar waƙoƙin da muke ɗauka a matsayin na asali ba daga makaɗa ta fito ba. Faifan garmaho na tangaran minti uku ko ɗan fiye yake ɗauka a fuska guda. Babban faifan da ya zo bayansa bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Gidan rediyo kuma yana da labarai da sanarwa da ke jiran layi. Makaɗin da ya saba kwana yana kiɗa aka ce masa ya dunƙule cikin wannan ɗan ƙoƙo. Lalle ya nuna gwaninta wajen dunƙulewar, ban musa ba, amma wanda ya ga doki a turke bai ga sukuwa ba.

Wasu al'ummu sun riga mu gane darajar irin wannan ɗauka. A Amurka an yi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Grateful Dead, daga 1965 zuwa 1995, shekarar da jagoransu Jerry Garcia ya mutu. Su ma kamar namu, ba sa maimaita waƙa yadda suka yi ta jiya, sukan ɗauko ta su yi ta jan zarenta a fage har inda hali ya kai su. Masoyansu suka riƙa shiga da rakoda suna ɗauka, makaɗan ba su hana ba, har a 1984 suka keɓe wa masu ɗauka wurin tsayawa na musamman. Sharaɗin da aka bi shi ne musaya, ban da sayarwa. Abin da ya burge ni shi ne kowane kaset sai an rubuta masa rana da wata da shekara da sunan gari da zaure. Saboda wannan ɗabi'a, yau dubban ɗaukar nan suna ajiye a intanet, mutum na iya bin waƙa guda shekara bayan shekara ya ji yadda ta girma ta tsufa. Wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu 1977 har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin muryoyin da ƙasa za ta adana, a 2012. Haka a Masar, Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, takan yi wasa ranar Alhamis ta farkon wata a lokacin wasanninta, rediyo yana watsawa kai tsaye, kuma masu saurarenta har gobe suna gardama a kan wane dare ne ta fi juya baiti kaza. Mu fa? A akwatin Kawu, abin da ke jikin yawancin kaset ɗin kalma ɗaya ce da biro, sunan makaɗi, ko kuwa "biki". Rana da wuri da mai bikin suna cikin kan Kawu kaɗai, shi kuwa ya haura saba'in.

Na san akwai masu ja, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da ƙarfi. Masu cewa ba a jin maganar sosai, amsarsu gajera ce: masanin tarihi ba ya jefar da takardar ajami don gara ta ci gefenta, zama yake ya ƙura ido. Masu cewa wasan fage roƙo ne kawai da jerin sunaye, su nake so mu ɗan zauna da su. Da farko, cusa sunan mutum da na ubansa da sana'arsa da garinsu cikin rauji, nan take, ba tare da kiɗa ya yi tuntuɓe ba, fasaha ce da ta isa a nazarta, wanda yake ganin wasa ne ya gwada. Na biyu, sunayen nan su ne dukiyar. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun adana mana sarakuna da hakimai, mun kuma gode musu. To, wa ya adana mana mai kula da injin saƙa a Bompai, da mai jiƙa fata a Challawa, da direban da ke kwasar ma'aikatan dare? Kamfanonin da suka yi wa aiki da yawansu sun rufe, ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga waje sun ƙarasa abin da faɗuwar naira ta fara. Waɗanda suka rage suna aiki ba ajiyar tarihin leburori ne a gabansu ba. A iyakar abin da kunnena ya ji, wurin da aka kira waɗannan bayin Allah da sunansu cikin girmamawa, a gaban jama'a, shi ne bakin sanƙira da bakin makaɗi.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta sirrin mutane. A fage ana sakin baki. Akwai batsa, akwai zambo mai zafi ga wanda ya ƙi kyauta, akwai sunayen mata da aka ambata a wuraren da yau jikokinsu ba za su so a ji ba. Mutanen da suka yi rawa a daren nan da yawansu yanzu dattawa ne na sahun gaba a masallaci. Kawu da kansa, da muka kai wani wuri a wani kaset, sai ya miƙa hannu ya tura zaren gaba, ya ce, "Nan ba naka ba ne." Ban yi musu ba, ban kuma tambaya ba. Ina ganin hanyar da ta dace ita ce a kwafe kaset ɗungurungum a ajiye, kada a yanke komai, amma abin da za a buga a kundi ko a sake wa jama'a sai da yardar mai shi, a kuma sakaya sunan da ya kamata a sakaya. Adanawa daban, tallatawa daban. Haka nan batun haƙƙin makaɗi. Gaskiya ce cewa 'yan kaset sun yi shekaru suna gurzawa suna sayarwa, mai waƙa bai ga ko kwabo ba, kuma bai kamata jami'a ta zo ta ɗora a kan wannan ba. Inda iyalan makaɗi suke, a neme su, a gaya musu, a ba su nasu kwafin, kada kuma a sayar.

Akwai wani tsoro kuma da ni kaina nake da shi, wanda babu wanda ya faɗa mini. Na'ura tana daskarar da abin da asalinsa mai gudu ne. Na taɓa jin wasu samari a motar haya suna gardama, ɗaya yana cewa Bakandamiyar da direba ya sa ba ta ainihi ba ce, don ba ta yi daidai da wadda ke wayarsa ba. Ka ga ɗauka ɗaya ta zama alƙali a kan sauran, abin da Shata da kansa bai taɓa yi ba. Idan muka ɗauki kaset ɗin fage guda muka naɗa shi sarki, mun koma gidan jiya. Maganin abin yawa ne, a tara biyu, uku, biyar na waƙa guda, har kunnen ɗalibi ya saba da cewa kowacce ta ainihi ce.

Don haka ga abin da nake roƙon sashe ya duba. Ɗalibin da zai yi kundi a kan waƙar baka a nemi ya kawo aƙalla ɗauka biyu na waƙa ɗaya, ɗaya daga ciki ta fage. Wajen rubutawa ya sa maganar sanƙira, ya nuna inda aka yi guɗa, inda baki ya tsaya kiɗa ya ci gaba da tsawon tsayawar, inda aka juya kaset. Mafi muhimmanci, kada ya karɓi kaset ya tafi. Ya zauna da mai shi su saurara tare, ya ɗauki bayaninsa, domin kaset ba tare da mai shi ba rabin shaida ne. Abin da aka tara a mayar da shi cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a sashe, a kai wani Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wani kuma Gidan Ɗan Hausa. Wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Rakoda mai lafiya, da 'yar igiyar haɗi, da kwamfuta, da haƙuri, su ke nan.

Abin da ba mu da shi shi ne lokaci. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙurar hunturu, ba ya son laimar damina, kuma akwatin Kawu ta sha duka ukun shekara arba'in da ɗoriya. A cikin 64 ɗin nan, tara sun manne ba sa juyawa, huɗu ɗan auduga da ke danne zaren ya faɗi, ɗaya kuma a gabana rakoda ta cinye shi, muka yi ta warwarewa da biro muna liƙawa. Wani abokin aikinsa a Panshekara, wanda Kawu ya ce tarinsa ya ninka nasa, ya rasu bara, da aka zo gyaran ɗaki yara suka kwashe kaset ɗin suka zare zaren suna wasa da shi a lungu. Ba laifinsu ba ne, babu wanda ya taɓa gaya musu akwai wani abu a ciki.

Ya zuwa yanzu na kwafe 17, na rubuta bayanin Kawu a kan kowanne. Ya kuma yi mini alkawarin zai kai ni wurin wasu mutum biyu a Dakata da suka yi aikin masaƙa tare, in Allah ya kai mu hutu mai zuwa. Rakodarsa ce dai ta soma jan murya, belinta ya saki, mai gyaran da ya saba kai wa kuma ya koma gyaran waya. Duk wanda ke da rakoda mai lafiya a gida, cikin malamai ko ɗalibai, ko ya san dattijon da ke da irin wannan akwati a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, ina roƙon ya neme ni a ajin shekarar ƙarshe, ko ya bar saƙo wurin editan wannan mujalla.